Gaskiyar Da Felix Ya Faɗa Ranar Sabuwar Shekara

Ranar ɗaya ga watan Janairu, tun da aka taso daga sujada a coci, gidan Malam Cindo da ke Hayin Dogo a Samaru ya kacame da hidima. Matarsa Mama Edith na bakin murhu tana suyar kaza, 'yarsu Lovelyn kuma ta shiga ɗaki ta fito ya fi sau biyar, kowace fitowa da ɗankwali daban.

"Ke Lovelyn! Wai gwamna ne zai zo? Zo ki sauke mini shinkafar nan kafin ta kama!"

"Haba Mama, yau fa Felix zai faɗa wa Baba ranar da iyayensa za su zo. Siriyos ne fa!"

Mama Edith ta yi murmushi. Ita ma tana son yaron, mai ladabi, ga shagonsa na kayan lantarki a Sabon Gari. Shekara huɗu ke nan da wani mai keke-napep ya banke ɗanta na fari, Monday, a unguwar Kwangila ya gudu, kuma tun daga lokacin dariya ba ta dawo gidan ba sai da wannan neman aure ya taso.

Ƙarfe uku Felix ya yi sallama. Lovelyn na ganin fuskarsa gabanta ya faɗi, idanunsa sun yi jawur. Ya durƙusa ya gaida Malam Cindo. Aka nuna masa kujera, ya ƙi tashi daga ƙasa.

"Lafiya, ɗana?" in ji Malam.

"Baba, akwai maganar da zan faɗa, ina roƙo Mama ma ta ji." Ya gyara durƙuso. "Yau a coci Fasto ya ce kada mu shiga sabuwar shekara da tsohuwar zuciya. Na kasa tsayawa in yi waƙar godiya. Wata biyu ke nan da na fara shigowa falon nan, na ga hoton can, na gane shi, na yi shiru..."

Ya ɗaga ido ga hoton Monday da ke bango.

"Lokacin da nake makaranta na tuƙa keke-napep. Ni ne, Baba. Ni na buge shi. Ina gudu, birki ya ƙi kamawa. Da na ga mutane sun taso da duwatsu — sai na tsere."

Farantin da ke hannun Mama Edith ya faɗi ya tarwatse.

"Wayyo Allah! Kai ne? Awa guda ɗana na kwance a bakin titi yana zubar da jini! Likita ya ce da an kawo shi da wuri da ya rayu! Kuma ka zauna a gidana, ka ci tuwona, kana kirana Mama?"

"Edith, yi haƙuri mu..."

"Kada ka ce mini haƙuri, Malam! Fita, Felix! Fita kafin in yi abin da zan yi nadama!"

Lovelyn tana jingine da bango, hawaye na bin kumatunta. Da Felix ya zo wucewa ya ce a hankali, "Lovelyn, am sori," ta kau da kai.

Washegari ikilisiya ta fara azumin kwana ashirin da ɗaya na farkon shekara. A gidan Malam Cindo kuwa akwai tsohuwar al'ada: kowace safiya bayan addu'a, kowa zai faɗi abu ɗaya da yake gode wa Allah dominsa. Da aka zo kan Mama ta ɗaure fuska.

"Ba ni da shi."

Aka zo kan Lovelyn, ita ma ta sunkuyar da kai. Malam shi kaɗai ya ce, "Na gode wa Allah da na san gaskiyar mutuwar ɗana kafin in mutu." Washegari ma ya sake samo wani abin.

A rana ta biyar Lovelyn ta hau mota zuwa Sabon Gari da zoben alkawari da Felix ya ba ta a jaka. Ta same shi a shago, ya rame.

"Me ya sa ka ɓoye mini?" ta tambaya ba ko gaisuwa.

"Na ji tsoron rasa ki."

"To me ya sa ka faɗa? Babu wanda ya sani! Da mun yi aurenmu lafiya lau!"

"Lovelyn, da kullum zan tashi in kalle ki in yi miki ƙarya. Wane irin yabo zan yi wa Allah da wannan bakin? Jiya Fasto ya raka ni ofishin 'yan sanda, na ba da rahoton kaina. Sun ce za su kira Baba."

"Ka san za a iya ɗaure ka?"

"Na sani."

Ta ajiye zoben a kan teburin shagon. "Yayana ne, Felix. Shi ke kai ni makaranta a bayan keke. Ban sani ba ko zan iya yafe maka. In ma na yafe, ba zan aure ka ba sai da albarkar Mama. Kada ka kira ni."

Da 'yan sanda suka kira Malam Cindo, gidan ya sake kamawa da wuta. Mama ta ce sai an kai shi kotu. Malam ya ce shi ya yafe, amma ba zai sa hannu a janye maganar ba sai ita ma ta yarda, domin ita ta ɗauki cikin Monday. Haka maganar ta tsaya, Felix na zuwa ofishin duk ranar Litinin yana nuna kansa.

Azumi ya ƙare, Ista ta zo ta wuce, damina ta sauka. Matan Zumunta na coci suka rabu biyu a kan maganar. Wata ta tare Lovelyn a kasuwar Samaru ta ce, "Ashe har yanzu zuciyarki na wajen wanda ya kashe ɗan'uwanki? Tir!" Ta dawo gida ta yi kuka har ta gaji. Ita dai ta san a watan Maris ta durƙusa ta yafe masa tsakaninta da Allah, amma ba ta kira shi ba, ba ta kuma taɓa ɗaga wa uwarta maganar ba. Ta ci gaba da koyarwarta a firamare, tana yi wa Mama wanki da girki, kuma kowace safiya tana neman abin godiya ko da ƙarami ne — ruwan sama, lafiyar Baba, wata ɗalibarta da ta iya karatu.

Mama kuwa tana ramewa. Duk sa'ad da ake addu'ar Ubangiji aka zo wajen gafara, sai ta rufe bakinta. Wata safiya a watan Agusta, suna durƙushe, aka iso wurin, sai ta fashe da kuka mai ƙarfi.

"Malam, na gaji! Wata takwas ban yi addu'a ta kai ƙarshe ba! Ina raira waƙa a coci, zuciyata kamar dutse. Lovelyn, ɗauko mayafina. Ki kai ni wurin Felix."

Felix na ganinsu a ƙofar shago ya zube ƙasa. Masu shagunan kusa suka fara leƙowa.

"Tambaya ɗaya zan yi maka," in ji Mama, "kuma kada ka yi mini ƙarya don ka faranta mini. Ɗana ya yi magana?"

"Na sauko na ɗago kansa kafin in gudu, Mama. Sunan Yesu yake kira. Sau biyu. Ban ji wani abu ba bayan wannan."

Ta dafa ƙofa don kada ta faɗi. Lovelyn ta riƙe ta.

"Ka cuce ni da ka gudu," Mama ta ce daga ƙarshe. "Ba zan ce ciwon ya warke ba. Amma da ka yi shiru, da na aura maka 'yata ina rawa. Ka zaɓi Allah a kan abin da kake so. Ni ma yau na zaɓa. Tashi, na yafe maka. Gobe ma in zuciyata ta tashi, zan sake yafewa."

Felix ya kifa kai a ƙafafunta yana kuka kamar ƙaramin yaro.

A makon nan Malam da Mama suka je tare suka janye maganar. A watan Nuwamba iyayen Felix suka zo daga Bomo, suka fara da ta'aziyya kafin neman aure. Aka ɗaura auren a ƙarshen Disamba, kuma Mama da kanta ta kama hannun Lovelyn ta sa a nasa, tana hawaye tana murmushi.

Ya ku matasa, sabuntawa ba ta ƙarewa a sujadar ranar farko ta shekara. Ɗaukaka Allah aikin kowace safiya ne: faɗin gaskiya ko za ta raba ka da abin da kake ƙauna, jiran albarkar iyaye ko ta yi jinkiri, da yafewa ko zuciya na zafi. Wanda ya daure a kan haka, Ubangiji ba ya barinsa ya ji kunya.