Mai Kan Burtu a Fadamar Geza

Ku matso. Ku rage murya, kada Inna ta ji ta ce ina tsorata ku. Wannan ba tatsuniya ba ce, don haka kada wanda ya amsa mini. A nan garin abin ya faru, kuma ba da dare ba. Rana ba ta faɗi ba, kowa yana ganin tafin hannunsa.

Jatau maharbi ne. Zabin daji yake harbi, ba ruwansa da gada, ba ruwansa da zomo. Kowa ya yarda ya iya. Kowa kuma ya san zuciyarsa a kusa take, abu kaɗan sai idonsa ya kaɗa ya yi ja.

Sauran maharba da asuba suke fita, lokacin da zabi ke saukowa daga bishiya suna ta surutu. Jatau yana kiran wannan farautar ragwaye. Shi sai ya yi azahar, ya ci abinci, sannan ya saɓi bindigarsa ta toka. Ya san da rana zabi shiru suke yi, suna ƙarƙashin sabara suna birgima a ƙura. In la'asar ta yi sai ƙishi ya tashe su, su gangara ruwa, daga ruwan su bi hanya guda zuwa bishiyar da suke kwana. Ba ya bin su a baya. Yakan zauna tsakanin ruwan da bishiyar, ya sa rana a bayansa don ta kashe musu ido, ya jingina da kututture. Ko ƙuda ya sauka a hancinsa ba ya kore shi. Sai ya dunƙule hannu a baki ya yi kukan zabuwar da ta ɓace wa 'yan'uwanta. Sau biyu kawai. Ya yi shiru. Garken da kansa yake zuwa nemanta.

Mutum ɗaya tak ya taɓa koya wa wannan kiran. Barau, sa'ansa, mijin ƙanwarsa Tsahara.

To, wata shekara da kaka, Jatau ya gano wani babban garke a Fadamar Geza. Kwana shida yana bin sawunsu kafin ya gane bishiyar marken da suke kwana a kai. Ranar da ya shirya, ya je ya zauna. La'asar ta yi. Ya ji takunsu a busasshen ganye. Ya yi kira.

Suka nufo shi. Har ya fara hango kawunansu.

Sai wani ya yi kira daga tsallaken rafi.

Irin nasa sak. Sau biyu, da ɗan jan nan na ƙarshe da shi kaɗai yake yi. Zabin suka tsaya cak, suka juya, suka bi wancan.

Jatau ya koma gida jaka ba komai. Kashegari haka. Rana ta uku ya canja wuri, ya koma bayan suri. Yana buɗe baki, aka riga shi.

Bai ma biya gidansa ba. Da bindigar a kafaɗa ya faɗa zauren Barau, ba sallama. Ya tarar da shi yana gyaran kan burtunsa, wannan kan tsuntsun na itace da maharba ke ɗaurawa a goshi su yi rarrafe cikin ciyawa, don dabba ta ɗauka burtu ne ke kiwo.

"Barau, ni za ka yi wa haka?"

"Lafiya?"

"Bakina na buɗe na koya maka. Yau da shi kake kwashe mini zabi?"

"Waɗanne zabi?"

"Na Geza! Kwana uku!"

Barau ya ajiye kan burtun a hankali. "Rabona da Geza tun damina. Kwana ukun nan ina gonar dawa. Ka tambayi kowa."

"Ƙarya kake yi. Maci amana."

Tsahara ta fito da ludayi a hannu. "Yaya, don Allah. Mutane suna ji."

"Su ji! Ki gaya wa mijinki, in na sake jin muryarsa a fadamar nan, abin da ya same shi shi ya saya."

Barau ya miƙe. Shi mutum ne mai sanyi, amma ranar ya ɗaga murya. "A gaban iyalina ka kira ni maci amana, Jatau. Wallahi sai na wanke kaina, ko da me."

Jatau ya tofar da yawu a bakin zauren ya fita.

Kashegari bai ci abincin rana ba. Ya zauna yana ɗura bindiga, yana ta nanata maganar a ransa. Ya zuba albarushi, ya danna. Ya ɗebo 'yan ƙananan dalmar da ake harbin tsuntsu da su, ya dube su, ya mayar. Ya jawo yankakkun ƙarafan da ake ajiyewa domin gyado, aladen daji, ya zuba su. Ya ce wa kansa sama zai harba, don Barau ya ji ƙarar da ba zai manta ba.

Wannan karon bai zauna a wurinsa ba. Ya zagaya ta gabas, ya ƙetare rafin, ya shiga ciyawar gamba ta gefen da kiran yake fitowa. Ya kwanta ruf da ciki. Ya jira.

La'asar ta yi sakaliya. Iska ta tsaya. Ko kurciya ba ta kuka.

Sai ga kiran, dab da shi.

Ya buɗa ciyawa da yatsa biyu. Ga fili ɗan ƙarami, ga tsohon kututture a tsakiya. Ga mutum a tsugune, ya lulluɓa da baƙin zane har ƙasa, kan burtu yana sama yana sunkuyawa yana ɗagowa. Zabi sun kewaye shi, sun fi ƙarfin ido. Wasu har suna hawa gwiwarsa.

Jini ya hau wa Jatau ka. Ya miƙe tsaye.

"Barau! Yau kuma wace gonar dawa kake?"

Ya kamata a ce zabin sun watse. Ihun mutum, a tsakiyar daji. Ko ɗaya bai tashi ba. Duk suka juyo, suka zuba masa ido.

Mai baƙin zanen bai motsa ba.

"Cire abin nan ka dube ni, munafuki!"

"Rage murya," in ji shi. "Suna kiwo."

Ba muryar Barau ba ce. Murya ce mai zurfi, kamar ana magana cikin randa. Kuma ba daga ƙarƙashin zanen ta fito ba, inda bakin mutum ya kamata ya kasance. Daga sama ta fito.

Jatau ya ɗan ja baya, amma fushin bai sake shi ba. "Kai wane ne? Barau ne ya turo ka?"

"Ba a turo ni."

"Wa ya koya maka kirana?"

"Kiranka?"

Kan burtun ya juyo a hankali. Jatau ya nemi igiyar da ake ɗaure shi da ita a goshi. Babu igiya. Wuyan ya zarce ne kawai, ya shige cikin zanen. Jan maƙogwaron nan da maharba ke yi da tsumma, wannan yana kumbura yana saɓewa. Idon, wanda ya kamata ya zama ɗan wake ja da aka manna da ƙaro, yana da gashin ido dogaye.

Ya ƙifta.

Jatau ya sauke kai don kada ya sake ganin idon. Sai ya ga ƙasa. Rana ta yi ƙasa sosai, inuwar kututturen ta miƙe har ƙafarsa. Kowane zabo da inuwarsa. Na tsugunen ba shi da ita. A bakin zanen kuwa, yatsu uku ne suka leƙo, baƙaƙe, masu kaushi, kowane ya kai tsawon lauje.

"Shekara nawa kana yi musu ƙarya?" in ji muryar. Yanzu ta fara zafi. "Kana kukan 'yar'uwarsu. Su baro ruwa, su zo cetonta. Su tarar da wuta."

"Ni... abinci nake nema."

"Mai neman abinci ɗaya yake ɗauka ya tafi. Kai kana harbi cikin taro. Ka kwashi na kwasa. Masu karyayyen fiffike ka bar su suna jan jiki cikin ƙaya. Wa kake tsammani yake tsince su?"

Jatau ya so ya yi addu'a. Harshensa ya ƙi juyawa.

Abin ya miƙe. Ya yi ta miƙewa. Zanen bai ƙare ba har sai da kan ya wuce tsawon gamba, ya wuce reshen farko na kanyar da ke bayansa. Ya tako sau ɗaya, ga shi a gaban Jatau. Wani wari ya bugi hancinsa, irin na jiƙaƙƙen gashin tsuntsu. Dogon bakin ya sauko, ya shinshini bakin bindigar.

"Wannan ɗurin ba na zabi ba ne."

Jatau ya ƙara ƙanƙame bindigar.

"Na wa ne?"

"Sama zan harba."

"Ƙarya. Har kanka kake yi wa kiran yaudara." Bakin ya ƙwanƙwasa ƙarfen bindigar sau ɗaya. Ƙarar ta bi hannun Jatau har haƙoransa. "Na so in riƙe ka a nan. Na fasa. Na ba ka kyautar ranka. Ɗurin nan kuma naka ne, ban taɓa shi ba. Tafi da abinka."

Duk garken ya ɗauki kuka lokaci guda.

Jatau ya juya ya zura da gudu. Gamba tana yankar fuskarsa, ƙaya ta cire masa takalmi ɗaya, bai tsaya ba. Tsoro ne ya kore shi, amma kafin ya kai rafi fushin ya dawo, ya haɗu da tsoron. Shi Jatau, a kore shi daga fadama kamar kare? Yana gudu yana zagi, hawaye na zuba, yatsansa a kan kunamar bindiga.

Ya gangaro mashigin rafi. Ganyen geza ya motsa a gabansa.

Kan burtu ya ɗago daga ciyawa. Baƙin zane a ƙarƙashinsa.

"Ka ce ka bar ni!" Jatau ya yi ƙara. Ya danna.

Hayaƙi ya rufe wurin. Cikin hayaƙin wani ya ce, "Wayyo Allah! Jatau!"

Muryar mutum ce. Ya san ta tun suna yara.

Ya yar da bindigar ya kutsa. Barau ne kwance a gefen ruwa, kan burtun ya karkace a goshinsa, igiyar ta zame ta rufe masa ido ɗaya. Ƙarafan sun shiga cinyarsa ta hagu. Jini yana bin yashi yana shiga rafi.

"Me ya kawo ka? Me ya kawo ka nan, Barau?"

"Mai kiran na zo kamawa," in ji Barau, yana cije baki. "In kai maka shi har gida. Ka ga ba ni ba ne."

Jatau ya yage rigarsa ya ɗaure cinyar. Ya goya shi. Daga Geza zuwa gari tafiya ce mai nisa, kuma duk tsawon hanyar ana kira a bayansu. Sau biyu, a yi shiru. Sau biyu, a yi shiru. Bai waiwaya ba. Sai da suka shigo gonakin bakin gari sannan abin ya daina.

Bayan magariba ya sauke shi a zaure. Tsahara ta fito. Ta dubi mijinta, ta dubi jinin, ta dubi yayanta. Ba ta yi kuka ba.

"Yaya, da me ka harbe shi?"

"Tsahara, wallahi wani abu na gani. Ba mutum ba..."

"Ban tambaye ka abin da ka gani ba. Wanzami zai zo ya ciro abin da ke cikin ƙafar nan, kuma zan tsaya in gani da idona. Dalmar tsuntsu ce?"

Jatau ya sunkuyar da kai.

"Aljani ne ya ɗura maka bindigar?"



"Fita," in ji ta. "Ka bi ta inda ka tofa yawu."

Wanzami ya ciro ƙarafan, duk sai guda da ya maƙale a ƙashi. Barau ya rayu. Ƙafar ce ba ta sake lanƙwasuwa ba. Da ya warke ya ce ya yafe, har ya aika wa Jatau da goro. Tsahara kuwa har ta koma ga Mahaliccinta ba ta sake kiransa Yaya ba. In sun haɗu a hanya sai ta gyara lulluɓi ta wuce kamar ta ga baƙo. Jatau bai koma ɗauko bindigarsa ba. Tana can a mashigin, in tsatsa ta bar wani abu.

Kun san tsohon nan mai sayar da igiya a gindin durumi, wanda yake zama da ƙafa ɗaya a miƙe? Wanda kuke kwaikwayon tafiyarsa in ya ba da baya? Ku dube ni. Na ga wanda ya yi jiya, kuma in na sake gani sai na fasa masa baki. Baba Barau ke nan.

Fadamar Geza kuwa, kada in ji wani ya bi ta shi kaɗai bayan la'asar, ko an aike shi. In dole ta sa, ku tafi ku biyu, kuma ku tabbata ba wanda ke riƙe da ɗan'uwansa a zuciya. In kun ji zabuwa ta yi kuka sau biyu ta yi shiru, kada ku amsa. Ku ɗaga ƙafa.