Tulun Iskar Sarkin Totur

Sarkin Totur ya shigo gida gab da magariba, motarsa tana gurnani har kwanuka na rawa a kan kantar ɗaki. Ya fito yana buga bonet.

"Uwar yara, fito ki ji aikin maza! Injin na warware kaf na sake haɗa shi. Ko aljani ya ji wannan sai ya ba ni hanya."

Ba injin da ya warware. Wani tulun roba ne manne da bututun da injin ke shaƙar iska, wanda aikinsa shanye ƙara. Shi ya ɓalle da sukundireba, ya toshe ramin da salatif.

Aka kashe mota, gida ya yi tsit. Sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Wani ya biyo shi. Uwar yara ta leƙa bayan katanga, ba kowa, ko kare. Auta kuwa, 'yarsu budurwa, tana zaune bakin murhu, ta saki ludayi. Wani gunji ya fara fitowa daga ƙirjinta, mai nauyi, irin na injin da aka bari a kunne.

Haka kowace magariba. Duwatsu, sai gunji, sai kukan jarirai daga ƙarƙashin motar. Auta ta daina ci, ta rame kamar kara. Uwar ta tsare mijin a ƙofar ɗaki.

"Don Allah, me ka taɓa a motar nan?"

"Ni? Gyara kawai. Ke me kika sani a injin?"

Da abin ya ƙi, aka ɗauko malam. Maƙwabta suka cika tsakar gida, har da abokan tashar da ya sha yi wa kuri. Malam ya zauna kan tabarma, ya dafa kan yarinyar, ya yi ta karatu har zufa ta jiƙa masa wuyan riga. Auta ta buɗe ido. Muryar da ta fito ta wata tsohuwa ce.

"Ya isa, malam. Ba da kai nake ba."

Malam ya ce, "Wace ce ke? Me yarinya ta yi miki?"

"Ba ta yi ba. Ubanta ne. A tulun motar nan nake da 'ya'yana, wuri mai ɗumi, ba hayaniya. Ya ɓalle mana ɗaki don samari su tafa masa a titi."

Wani daga bayan jama'a ya ce, "Au, tulu kawai ya cire? Ba ya ce injin ya sake haɗawa ba?" Ba wanda ya yi dariya.

Malam ya ce, "Idan aka mayar da shi, za ki bar ta?"

"Shi ɗin dai, ba sabo ba. Ƙaramin ɗana yana ciki lokacin da aka cire. Zan fita yanzu don girman abin da ka karanta, amma muryarta tana hannuna. Ran da tulu ya koma yadda yake, ta yi magana."

Sarkin Totur ya yi wuf ya miƙe. "Ai da sauƙi! Yana gareji, na adana shi lafiya lau. Wallahi gobe da sassafe..."

Tsohuwar ta yi wata dariya da bakin 'yarsa. Hannun Auta ya ɗaga a hankali, ya nuna gindin katanga.

"Ka rantse? To wannan da ka raba da zarto fa?"

Kowa ya juya. Ga tulun, an tsaga shi biyu, an zuba ruwa a ciki, kaji suna sha.

Auta ta yi atishawa ta sulale a jikin uwarta. Ta farfaɗo, ta dubi ubanta, leɓɓanta suka motsa za ta ce Baba. Iska ce kawai ta fito.

Malam ya naɗe tabarmarsa. Uwar yara ba ta yi kuka ba, ta dai zuba wa mijin ido, jama'a ma haka. Shi kuwa yana tsugune gaban kaji, ɓari a hannun dama, ɓari a hagu, yana ta haɗa su suna rabuwa.