Rigar Maraƙi

Jikata tana da musu. Tun tana ƙarama haka take. Ku saurari abin da musun ya ja mata.

Wata ranar hunturu, a ƙasarmu mai tsananin sanyi, muna shan shayi mai gishiri a cikin tantin da muke zaune. Rediyo ya ce gobe guguwar ƙanƙara za ta taso.

Ɗana Damdin ya ajiye kofinsa. Ya fita ya ƙara wa tantin igiyoyi, ya ɗaura musu duwatsu. Matarsa ta yi ta shigo da busasshen kashin shanu saboda murhu. Ni kuma na fito da rigunan ulu da muke sa wa maruƙa.

Na miƙa wa jikata ɗaya. Na ce, "Tashi ki sa wa naki."

Ta ce, "Ba zan sa ba, Kaka."

"Me kika ce?"

"Mutanen rediyon nan maƙaryata ne. Wancan makon ma haka suka ce. Muka yi ta wahala, ko iska ba ta kaɗa ba. Ku dubi sama, fes take."

Na ce, "Ni ma ban yarda da su duka ba. Amma riga ba ta cizo."

Ta turo baki. "Maraƙina ne. Baba ne ya ba ni. Yana da gashi, ba ya son riga."

Damdin ya buɗe baki zai yi magana. Na ɗaga masa hannu. Na ce, "Naki ne, uwar musu. Babu mai sa masa sai ke."

Ta rataye rigar a kan shingen garke. Ta tafi wasan ƙasusuwan tumaki wurin ƙawarta Solongo.

Washegari rana ta fito sosai. Jikata ta leƙa waje, ta dawo tana dariya.

"Kaka, ina guguwar taku? Ko ta ɓata hanya ne?"



Da tsakar rana sama ta yi duhu. Iska ta bugi tantin har sanduna suka yi ƙara. Ƙanƙara ta rufe ko'ina. In ka miƙa hannu ba ka ganin yatsunka.

Jikata ta zabura. "Baba, maraƙina."

Damdin ya ɗaura mata igiya a ƙugu, ya ɗaura wa kansa. Na riƙe bakin igiyar a ƙofa. Suka fita.

Rigar ba ta kan shinge. Iska ta tafi da ita. Sauran maruƙan suna tsaye cikin rigunansu. Nata yana kwance, bayansa duk ƙanƙara.

Suka jawo shi cikin tanti. Idonsa a rufe, numfashinsa kaɗan-kaɗan. Ta fashe da kuka.

Na ce, "Kuka ba ya ɗumama maraƙi. Ɗauko bargonki."

Ta lulluɓe shi. Ta yi ta murza masa ƙafafu har hannuwanta suka gaji. Uwarta ta ɗumama madara, ita kuma ta riƙa ɗura masa da cokali. Ba ta ci abinci ba. Ban ce ta ci ba.

Can da yamma maraƙin ya yi atishawa. Ya miƙe yana tangaɗi, ya kama gefen zanena yana tauna. Kowa ya yi dariya. Sai dai sanyi ya cinye masa bakin kunne ɗaya, kuma ba zai sake fitowa ba.

Ta shafa kunnen. A hankali ta ce, "Kaka, ki yafe mini. Ki koya mini ɗinki. Ni zan yi masa sabuwar riga."

Na ce, "In rediyon ya sake ƙarya fa?"

"Sai in cire masa ita da safe."

Na ba ta allura.

Yara, in an gargaɗe ku, ku yi shiri ko da kuna shakka. Wahalar shiri kaɗan ce, kuma ba ta kashe kowa.