Gurbin Saba ta Huɗu

Da hantsi aka kira Sufeto asibitin. An sace saba ɗaya cikin biyar, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe da bayanan marasa lafiya. Kafin ya iso har an tsare tsohon maigadi, don dama laifi ya fi saurin gane gidan talaka.

"Ranka ya daɗe, ko kunna ta ban iya ba," in ji tsohon. Tausayinsa ya kama Sufeto, sai dai mukullin ɗakin sabobin a aljihun tsohon yake kwana.

Ɗakin sanyi ƙalau, fankoki na ta gurnani. Injiniyan asibitin ya nuna gurbi na huɗu, inda aka ɗauke sabar. Shi ya ɗora manhajar da hannunsa, shi kuma ya ƙaro saba biyu watan jiya da aiki ya yi yawa.

"Fizge ta aka yi, Yallaɓai. Aikin jahili ne."

Sufeto ya duƙa. Wayoyin gurbin na naɗe tsaf, an ɗaure su da roba.

A ɗakin jinya ya tambayi babbar nas ko kwamfuta ta tsaya yau.

"Ko ƙiftawa ba ta yi ba. Amma ranar da mai shara ta taɓa waya ɗaya, rabin awa muna kallon allo." Ta rage murya. "Gobe ne ma kwamiti zai binciki sabar da aka sace, kan wata mata da ta rasu. Jikinta ba ya karɓar wata allura, mu kuma ba mu ga gargaɗin a kwamfuta ba."

Sufeto ya tuna wayoyin nan da aka naɗe tsaf. Ya koma ɗakin sanyin.

"Injiniya, nuna min yadda ake cire saba."

Hannun mutumin ya riga tunaninsa. Ya kwashe aikin ta biyar ya mayar kan sauran, ya jira fitila ta canza, sannan ya zare wayoyin, ya naɗe, ya laluba aljihu ya fito da roba.

Nan ya tsaya cak.

"Jahili bai san wannan ba," in ji Sufeto a hankali. "Tana ina?"

"Tana but ɗin motata." Ya zauna daɓas. "Ranar da na ƙaro ta, na manta ban haɗa ta da sauran yadda bayanai za su riƙa isa gare ta ba. Gargaɗin matar nan bai je ba. Komai na rubuce a cikinta."

"To me ya hana ka fizgewa ka gudu?"

"Akwai mutum uku a ɗakin tiyata, Yallaɓai. Ba zan iya ƙara jawo mutuwar wani ba."

Sufeto bai ji daɗin wannan nasara ba ko kaɗan. Ya sa aka saki maigadi, aka fito da Injiniya da ankwa. A bakin ƙofa Injiniyan ya waigo.

"Don Allah a mayar da ta biyar kafin azahar. Uku ba za su ɗauki layin rana ba."