Shirun Itzel a Kan Soson Leza

Ranar da Gideon ya fara leƙa ɗakin aikin Itzel, atishawa ɗaya ya yi, aikin sati uku ya bi iska.

Itzel ce ke haɗa soson gwaji a cibiyar leza, ɗan mitsitsin abu mara nauyi kamar hayaƙi. Gideon ke harba masa leza, wato haske mai tsananin ƙarfi, soson ya koma filasma, irin wutar da ke cikin rana. Ta raɗa masa Maɓarnaci, shi kuma yana ce mata Auduga. Kafin shekara ta zagayo, soyayya ta yi nisa.

Mahaifiyarta ce ba ta yarda ba. "Wanda aka yi wa tayin aiki a Faransa? Tafiya zai yi ya bar ki, ɗiyata. In da gaske yake, ya buɗe baki."

Ya buɗe kuwa, amma bai iya zaɓen lokaci ba. Ranar da zai ba Faransawa amsa, ya same ta tana manna soson ƙarshe a kan tsinken da bai kai gashi kauri ba.

"Auduga, ki aure ni in zauna."

Ta ji shi sarai. Sai dai gam bai kama ba, kuma ko numfashi ta saki, gwajin mutum ashirin ya rushe. Ya san wannan doka, fargaba ce ta mantar da shi. Sai ta ji ya fita, ƙofa ta rufe.

Da ta ɗago, saƙonsa na jiranta: "Na gane, ba sai kin faɗa ba. Ana gama harbi zan kira Faransawan in karɓi aikin."

Ta kira, ba a ɗauka ba, don ba a shiga ɗakin harbi da waya. Sai ta ɗauki biro, ta jawo takardar da ke rakiyar kowane soso, wadda shugabar harbi kan karanta a bainar jama'a.

Gideon na zaune kansa a ƙasa, ya ji shugabar tana karantawa: "Soso na arba'in da bakwai, lafiya lau. Ƙarin bayani: Maɓarnaci, numfashi nake riƙewa. Na yarda." Ta cire tabarau ta dube shi. "Malam, mu harba, ko sai ka gama kukan?"

A watan Yuni aka ɗaura auren. Mahaifiyarta ta haɗa hannuwansu ta ce, "Allah ya zaunar da ku lafiya. Kai kuma ɗana, in ta yi shiru, ka jira."