Motar da Mita Ba Ta Gani

Har yau akwai masu zama a bakin shago suna gardamar ko motar nan ta ci kuɗinta. Wannan ya ce kujerunta kaɗai sun isa, wancan ya ce ba ta shan mai, ba ta hayaƙi, kafin ka ƙifta ido ta ɓace. Mutum ɗaya ce ta san ainihin farashinta, ita kuwa ko zancen motar aka ɗauko sai ta tofar da yawu.

Injiniya ake kiranta. Da zolaya aka fara, don mace ce da ta karanci aikin lantarki, tana bi gida-gida da jaka tana duba mita. Ta karɓi sunan ta riƙe gam. Mijinta dillalin motoci ne, shekara tara yana goge gilashin motocin da ba nasa ba. Ranar da aka sauke baƙar motar a filin da yake aiki, doguwa, ta kwanta ƙasa-ƙasa kamar kada, ya dawo gida ya kasa cin abinci.

"Injiniya, ba ki gan ta ba ne. Da lantarki take tafiya, ko tari ba ta yi."

"To ka ci abinci, ita ma sai an ba ta wuta take motsi."

"Ke komai wasa ne a wurinki."

"Maigida, batir ne da kujeru. Kuɗinta zai gina gida uku."

Inda ya je washegari, daga bakinsa ta ji daga baya, lokacin da ya koma maimaita labarin ba tare da an tambaye shi ba. Ɗakin wani boka ne a bayan juji na tsofaffin ƙarafa. Rana tsaka, amma ciki duhu. An jera matattun batura har rufi, ruwansu ya tsiyaye ya ci ƙasa. A tsakiya akwai kan akuya da aka naɗe da wayar tagulla, da ƙwarya cike da wani baƙin abu mai kauri da ƙudaje suka rufe. Bokan yana zaune yana sakace haƙori da ƙusa.

"Mota kake so ko dukiya?"

"Duka biyun, ranka ya daɗe. Amma ni ba na zubar da jini."

"Wa ya yi maka zancen jini? Mutum nawa ne a gidanka?"

"Mahaifiyata, ƙanina, matata, da 'yata."

"Gida ya cika, madalla. Motar za ta zo, duk wanda ya zauna a cikinta ba zai ce maka a'a ba. Sharaɗin ɗaya ne: a gidanka kaɗai za ka jona ta. Gidanka ne zai ciyar da ita."

Dillali ya yi dariya, har da dafa ƙirji. Kuɗin wuta kawai? Bokan ya sa shi ya tsoma yatsu huɗu a ƙwaryar, ya ce idan ya koma ya shafa a soket ɗin gidansa. Bai tambayi dalilin da ya sa huɗu ba.

Cikin kwana goma wani ciniki ya faɗo masa, motar ta shigo gida ba wanda ya ji shigowarta. Daga nan sai buɗi. Wanda duk ya ɗauka a kujerar gaba, kafin su kai shatale-tale ya sa hannu a takarda. Aka fasa bango aka faɗaɗa gareji, aka shimfiɗa tayil. Kullum bayan azahar yakan jona motar, wata shuɗiyar fitila ta riƙa numfashi a gefenta.

Inna, mahaifiyar mijin, ita ce ta fara. Tsohuwar da ke tashi ta share tsakar gida tun kafin kowa, sai ga ta tana gyangyaɗi da cokali a hannu.

"'Yar nan, ƙafafuna kamar an zare musu laka," ta ce wa Injiniya.

Likita ya auna komai, ya ce tsufa ne. Wata Laraba ta kwanta bayan azahar ba ta tashi ba. Masu gaisuwa suka cika gidan, rabinsu suna ta'aziyya da baki, idonsu na gareji. Har da mai neman a ɗauke shi hoto a jikin ƙofar motar. Injiniya ta bar musu wurin ta shige ɗaki.

Sai ƙanin mijin, ƙato mai ɗaga ƙarfe, wanda kullum yake tsokanarta: "Matar Yaya, zo ki auna ni, na fi taransifomarku wuta." Cikin wata biyu wandonsa ya daina zama a ƙugunsa. Ya koma zama a bakin gareji yana lasar tayar motar yana kuka. Injiniya ce ke wanke masa jiki, ita ke ɗura masa abinci, don yayansa yana wurin ciniki. Ranar da aka kai shi asibitin masu taɓin hankali, da hannu ɗaya ma'aikaci ya ɗaga shi.

Ba ta zargi motar ba. Ita 'yar boko ce, abin da ba a aunawa ba ta yarda da shi. Aikinta ne ya tona asirin. Ƙarshen wata ta tsaya gaban mitar gidanta da littafinta, kamar yadda take yi a gidan kowa, sai ta ga wutar da aka sha a watan ba ta wuce ta bara ba. Mota irin wannan ya kamata ta sha wutar gida biyar. Ta ɗauka satar wuta mijin yake yi, ta bi wayar taku-taku, ba ta ga haɗin ɓoye ba. Motar na jone a lokacin. Ta ɗora na'urar awo a kan wayar: babu komai. Ta je ta kashe wutar gidan gaba ɗaya, fanka ta tsaya, firji ya yi shiru. Shuɗiyar fitilar ta ci gaba da numfashi, lambar cajin tana hawa.

A falo, 'yarta mai shekara shida ta kife a kan littafin zane, fensir a hannu, leɓɓanta sun yi fari.

Injiniya ta fizge wayar daga bango. Yarinyar ta ja dogon numfashi ta buɗe ido.

"Wa ya cire min caji?" Mijin ya fito daga ɗaki da gudu.

"Me motar nan take sha?"

"Wuta mana, ke da kike injiniya."

"Na kashe wutar gidan nan tun ɗazu. Me take sha?"

Ya dubi ƙasa. A nan ta gane ya daɗe da sani. Ta jira ya yi kuka, ko ya ƙaryata ta. Abin da ya ce shi ne, "Saura kaɗan ta cika. Ina da babban baƙo da la'asar. Yau kawai, yarinya ce, jikinta zai mayar."

"Tir da kai. Ka sha uwarka, ka sha ƙaninka, yanzu kana auna min 'ya da cokali?"

"Wa ya saya miki tayil ɗin da kike takawa?"

Ta cire takalman da ya saya mata ta ajiye masa a gabansa. Ta goya 'yarta, ta rataya jakar aikinta, ta fita ba takalmi.

Dangi suka yi mata caa. Wace irin mace ce ke barin miji bayan ya yi arziki? Boko ne ya ɗaure mata kai. Ta kama ɗaki ɗaya a bayan wani shagon ɗinki, tana tafiya aiki da ƙafa, ba ta ba kowa haƙuri ba. Yarinyar ta yi wata uku kafin ta iya gudu, kuma har yau hannunta na hagu yana rawa.

Shi kuwa ya nemi masu zama a gidan. Ya kawo mai gadi, ya kawo mai dafa abinci, motar ta ƙi su, don ba jininsa ba ne, ba iyalinsa ba. Caji ya yi ƙasa, ciniki ya tsaya. Wata rana ya rufe ƙofa ya jona ta, shi kaɗai a gidan. Da maƙwabta suka ɓalle garejin bayan kwana biyu, suka same shi zaune a kujerar direba, fata a kan ƙashi, ya ɓata jikinsa, yana murza sitiyari yana ba da labarin ɗakin batura. Motar ta cika fal, tana sheƙi.

Danginsa suka sa ta a kasuwa da rabin kuɗinta. Injiniya ta je filin da kanta, ta tsaya a gaban masu layin saye ta faɗa musu komai, da awon da ta yi. Suka yi dariya.

"Hajiya, kishi ne ko? Irin wannan a wannan farashi, ai kyauta ce."

Wanda ya saya ya zo da 'ya'yansa huɗu, suna ta tsalle a kujerar baya.

Kai mai kwaɗayi, idan aka miƙo maka abin da guminka bai kai ba aka ce ba za ka biya komai ba, to ka juya ka dubi mutanen gidanka ɗaya bayan ɗaya. Su aka yi ciniki da su.