Wanda Ya Shiga da Sunan Mamaci

Ranar Litinin da hantsi Alhaji Sabo ya shigo caji ofis da hularsa a hannu, ya ce an yi masa sata a makarantarsa ta koyon kwamfuta da ke Mandawari. Shekara uku ke nan da sojoji suka koma bariki, ana shirin wani zaɓen, kowane bango a cikin gari ya sha fastocin 'yan takara.

Sufeto Ashafa ya tambaye shi abin da aka ɗauka. Alhaji ya ce abu ɗaya ne: faifan da ke cikin babbar kwamfutar makarantar, wadda sauran goma sha biyun suke haɗe da ita, inda ake ajiye sunayen ɗalibai da sakamakonsu. Sannan ya ƙara da cewa tun kafin satar ɗalibai sun fara gudun aji.

"Me ya kore su?"

"Malaminsu ne yake aiko musu da saƙo, ranka ya daɗe."

"To, mene ne a ciki?"

"Yau kwanansa ashirin da shida a kabari."

Malam Hashim ke nan, mai koyar da tsaron netwok, wato yadda ake kare kwamfutocin da ke haɗe da juna daga masu kutse. Wata ranar Laraba bayan azahar ya hau saman benen makarantar gyaran eriya, ya faɗo cikin lungu. Kowa ya ɗauka tsautsayi ne, aka binne shi, aka yi zaman makoki aka watse.

Sufeto ya ɗauki Kofur Mahmud suka bi Alhaji. An yi ruwa da asuba, lungunan duk caɓi, sai da suka bar mota a bakin titi suka taka.

Ƙofar makarantar lafiya lau take, ba a taɓa kwaɗon ba. A ɗakin babbar kwamfutar an cire murfinta an jingine shi da bango, ƙananan notina huɗu an jera su a kan tebur. Ga sababbin kwamfutoci a ajin da ke kusa, ga janareta, duk ba a taɓa su ba. Sufeto ya daɗe yana kallon notinan nan. Ya san ɓarayin cikin gari, bai san wanda yake jera noti ba.

Mukullai uku ne, in ji Alhaji: nasa, da na Malam Isiyaku mataimakin marigayi, da na marigayin, wanda iyalinsa suka dawo da shi yana cikin durowar Alhaji.

Malam Isiyaku yana ofishin rajista, siririn mutum mai ƙaramin gemu, idanunsa sun yi ja. Ya ce shi ya fara ganin ɓarnar da safe. Game da saƙon kuwa ya ce cuta ce ta shiga kwamfutocin, irin wadda ɗalibai ke kwasowa a disket, ƙaramin faifan da suke kwafar aikinsu a ciki, ba wani abu ba. Ranar da marigayi ya faɗo, ya ce, shi yana Goron Dutse wajen sunan ɗan ƙanwarsa, a can labari ya same shi.

"Me saƙon yake cewa?"

"Ban tsaya karantawa ba, yallaɓai."

"Sau nawa ya fito?"

"Sau uku." Ya gyara zama. "Haka na ji ɗalibai suna faɗa."

Ɗaliba ɗaya ce ta zo makaranta ran nan. Malama Zinariya, mace mai kimanin shekara talatin da biyar, wadda ta yi shekara goma tana buga tafireta a wata sakatariya kafin a kawo kwamfuta a ce ko ta koya ko ta koma gida. Tana zaune a kujerar ƙarshe, allon kwamfutarta a kashe.

Ita ta karanta saƙon, kuma ta haddace shi. Ta ce suna tsakiyar darasi, kwana takwas da rasuwar, sai duk allunan suka yi baƙi lokaci guda, rubutu ya fito: Daga Malam Hashim. Wani ya shiga da sunana. Ba ni ba ne. Wata ɗaliba ta faɗi a sume. Da ya sake fitowa bayan kwana biyar, rabin ajin bai ƙara dawowa ba. Har a unguwa an fara cewa marigayin bai kwanta ba, masu wucewa ta lungun da ya faɗo suna saurin tafiya.

Sufeto ya tambaye ta ko ta san yadda aka yi rubutun ya fito. Ta ce ba ta sani ba. Ta faɗa tana kallon ƙofar ofishin rajista, jakarta a ƙirjinta ta riƙe da hannu biyu.

Bai matsa mata ba. Ya rubuta sunan ofishinsa a takarda ya ajiye mata, ya ce yana nan har la'asar.

Ta zo ƙarfe uku, tare da yayanta, wanda ya zauna a benci a waje. Ta ce ƙarya ta yi da safe. Ta san yadda rubutun yake fitowa, don a gabanta aka shirya shi.

Ta yi masa bayani a hankali, kamar yadda aka koya mata. Babbar kwamfuta tana rubuta duk wanda ya shiga cikinta: da wane suna, daga wace kwamfuta, ƙarfe nawa, me ya taɓa. Malam Hashim yakan ce musu mai tsaron netwok da ba ya karanta wannan rajista kullum bai fara aiki ba. Mako guda kafin ya rasu ya nuna musu wani darasi: ya shirya injin yadda duk wanda ya shiga da sunansa da kalmar sirrinsa daga wata kwamfutar da ba tasa ba, gargaɗi zai fito a kowane allo. Ranar su biyu ne kawai suka zo saboda ruwa, ɗayan kuma ya koma garinsu.

"Ke nan ba mamaci ba ne yake magana."

"Shi ne, yallaɓai. Ya dai riga ya faɗa ne tun yana da rai."

Ta buɗe jakar ta fito da disket guda biyu. Marigayi ya ɗora mata aikin kwafe rajistar duk ranar Alhamis, ya ce kada ta ajiye a makaranta. Bayan ya rasu ta ci gaba, don ba wanda ya ce ta daina. Ta ɓoye ne saboda ta karanta abin da ke ciki, kuma ta san masu mukulli.

A ofishin ba su da kwamfuta sai ta ɗakin DPO. Nan suka kunna, Zinariya ta zauna tana nuna masa layi-layi. Sau uku an shiga da sunan Malam Hashim bayan rasuwarsa, duk daga kwamfutar ofishin rajista, duk ana ƙoƙarin goge rajistar wata rana guda. Ba ta gogu ba, marigayi ya kulle ta. Ranar ita ce wata Juma'a, kwana biyar kafin ya faɗo, ƙarfe biyu saura kwata, lokacin da makaranta take rufe kowa yana masallaci. An ƙara suna ɗaya cikin waɗanda suka kammala difloma bara: Mikail Bawa.

Zinariya ta ce shekararta biyu a makarantar, ba ta taɓa ganin mai wannan suna a aji ba.

Kofur Mahmud ne ya ce shi ya san sunan. Da safen nan ya gan shi a bangon lungun makarantar, a fasta, ɗan takarar kansila.

Washegari Sufeto ya koma Mandawari, amma bai shiga makarantar ba. Ya tsaya a lungun da marigayi ya faɗo, ya ɗaga kai. Gida ɗaya ne soronsa yake kallon saman benen. Ya yi sallama, aka shigar da shi wajen wata tsohuwa da ake kira 'Yardada, tana tsince shinkafa a faranti.

Ta ce ranar tana saman soro tana shanya kuɓewa. Ta ga mutum biyu a kan benen. Ɗaya yana riƙe da ƙarfen eriya, ɗayan yana ta magana da hannu kamar mai roƙo. Ta sunkuya ta juya kuɓewarta, da ta ɗago sai ta ga mutum ɗaya, a tsaye, hannayensa a kansa.

"Kin gane shi, Iya?"

"Siririn nan mai gemu, da yake gaishe ni kullum in zai wuce."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Wa ya tambaye ni, ɗan nan? Kuma na ce ko idona ne. Tun ranar dai ban ƙara hawa soron ba. Kuɓewar tana can ta ruɓe."

Alhaji Sabo yana shagonsa na littattafai a Kasuwar Kurmi. Da farko ya ce bai taɓa jin sunan Mikail Bawa ba. Sufeto ya zauna a kan tarin littattafai ya ce ba ya sauri. Alhaji ya sallami mai saye, ya share gumi, sannan ya ce Mikail yayan Isiyaku ne, uwa ɗaya uba daban, shi ya sa sunan bai zo ɗaya ba. Mikail ne ya riƙe Isiyaku tun yana ƙarami, shi ya kai shi makaranta. Jam'iyya ta ce sai mai takardar karatu za ta tsayar, Mikail kuwa a aji uku na sakandare ya tsaya.

Ya kuma amsa cewa marigayi ya zo nan shagon ranar Litinin, kwana biyu kafin ya faɗo, ya faɗa masa abin da ya gani a rajista. Marigayin ya ce zai cire sunan, zai kuma rubuta wa hukumar da ke tantance takardunsu.

"Me ka ce masa?"

"Na ce ya bari a wuce zaɓe. Na ce makarantar ce za ta rufe." Alhaji ya dubi ƙasa. "Kuma ni na faɗa wa Isiyaku an gano shi. Na ɗauka zai je ya ba shi haƙuri ne."

Kofur Mahmud, da Sufeto ya tura Goron Dutse bincike, ya dawo da azahar. An yi sunan, amma ranar Talata aka yi, ba Laraba ba.

Sun sami Malam Isiyaku shi kaɗai a ajin, yana zaune a gaban kwamfutocin da duk aka kashe. Alhaji ya tsaya a bakin ƙofa. Sufeto ya jawo kujera ya ajiye disket biyun a kan tebur, ya faɗa masa abin da ke cikinsu, da ranar sunan, da abin da tsohuwa ta gani daga soro. Bai ɗaga murya ba.

Isiyaku bai musa ba. Ya ce ya bi marigayi saman benen ne don ya roƙe shi, har ya durƙusa. Malam Hashim ya ce masa ba zai kai sunansa ko'ina ba, amma sunan Mikail sai ya fita, don akwai mutum arba'in da suka zauna shekara biyu a wannan aji kafin su sami takardar nan. Ya juya zai ci gaba da aikinsa. Isiyaku ya kama rigarsa ya fizgo, shi kuma ya fizge, sai Isiyaku ya tura shi da hannu biyu.

"Ban yi niyyar ya faɗi ba. Amma na tura shi."

Kalmar sirrin, ya ce, ya daɗe da saninta, ya sha ganin yatsun malamin a kan madannan kwamfuta. Ranar da ya fara shiga da ita, ya ji ihu daga aji, ya fito ya ga rubutun a kan allo goma sha biyu. Ya san inji ne. Shi ma malamin kwamfuta ne, ya san yadda ake shirya irinsa. Duk da haka tun daga ranar, in ya tsaya salla sai ya ji kamar akwai mutum a bayansa. Ya sake gwadawa sau biyu, rubutun ya sake fitowa. Ranar Lahadi ya cire faifan ya jefa a rijiyar gidansu.

Sufeto ya sa Kofur ya rubuta, Isiyaku ya sa hannu. Da aka ɗauko ankwa ya miƙa hannayensa da kansa, sannan ya dubi Alhaji Sabo.

"Alhaji, kai ka kai shi asibiti. An ce ya yi magana a mota. Ya ambaci sunana?"

Alhaji ya dube shi.

"Na tambaye shi me ya faru. Ya ce ƙafarsa ce ta zame. Sau biyu na tambaya, sau biyu ya faɗa."

Isiyaku ya zauna a ƙasa inda yake tsaye. Sai da Kofur da Sufeto suka kama shi ta hammata suka ɗaga, suka fita da shi ta cikin lungu, mutanen unguwa suna tsaye a ƙofar gidajensu.